Ƙarin kuɗin fansho: su wa ya shafa, kuma sai an biya wani kafin a samu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, na ajiye aiki a 2005. Tun da aka ce an yi wa 'yan fansho ƙari hankalina bai kwanta ba, kowa da abin da yake faɗa. Abokina da ya yi ritaya a 2016 ya ce bai ga ko kwabo ba, maƙwabcina tsohon malamin firamare ma haka. Shekaranjiya kuma wani ya bugo mini waya, ya kira cikakken sunana, ya ce daga Abuja yake, wai sunana bai shiga jerin masu karɓar ariyas ba, in tura naira 25,000 kafin Juma'a ya gyara. Kuɗin maganina ne kawai a hannuna. Don Allah su wa ƙarin ya shafa, kuma in tura?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kada ka tura ko sisi, je ka sayi maganinka. Zan dawo kan mai wayar nan, amma bari mu fara raba ku ukun, domin ba hannu ɗaya ke biyanku ba.

Kai da ka fita a 2005 kana tsohon tsari ne. Dokar fansho ta 2004, wadda ta kawo sabon tsarin karo-karo, ta ware waɗanda saura shekara 3 ko ƙasa da haka su yi ritaya, ta bar su inda suke, kuma yau hukumar PTAD ce ke biyan irinku. Haƙƙinka na ƙari yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 173(3): a sake duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikatan tarayya, wanda ya riga zuwa. A kan haka ne a 2024 aka amince da ƙarin kashi 20 zuwa 28 cikin ɗari ga 'yan tsohon tsari da suka fito daga tsarin albashi guda 6, ciki har da na ma'aikatun gwamnati da na 'yan sanda, daga 1 ga Janairu. Da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin shekarar, aka sake amincewa da ƙarin naira 32,000 a wata. Amincewa daban, alat daban. Tsakaninsu akan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma wannan jiran ne ke taruwa ya zama ariyas.

Abokinka na 2016 yana tsarin karo-karo, kamfanin fanshonsa ke biyansa daga asusunsa, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Shi ma tsarin mulki bai cire shi ba, gwamnati ce ta yi ta jan ƙafa, har bashin ƙare-ƙaren da aka yi tun 2007 ya taru. A 2025 aka amince a ciwo bashin naira biliyan 758 don biyan basussukan wannan tsari, kuma kaso mafi tsoka na ƙarin fansho ne. Ya je ofishin kamfaninsa ya nemi bayanin asusunsa a rubuce. Maƙwabcinka kuwa sanarwar Abuja ba ta hau kansa ba. Malamin firamare ɗan fanshon jiha da ƙananan hukumomi ne, sashe na 210(3) ya ɗora wa jihohi irin wannan nauyi, amma sai gwamnansa ya sa hannu. Tsarin ma ba ɗaya ba ne: na Kano da Jigawa daban, na Kaduna daban. Sojoji su ma da hukumarsu.

To, mai waya. Baba, wannan magana ta ishe ni, kusan kullum sai an kawo mini irinta. Mutanenmu sun ɗauka ƙarin fansho wani abu ne da ake nema, a cika fam, a san wani a ciki, a ba shi na goro ya tura fayil gaba. Ba haka ake yi ba. Hukumar albashi ta ƙasa ce ke fitar da takardar umarni, a lissafa wa kowa gwargwadon matakin da ya yi ritaya a kai, a ɗora a kan jadawalin biya gaba ɗaya, kuɗi su faɗa asusun da fanshonka ya saba shiga. In kana karɓar fansho duk wata, sunanka yana ciki. Babu wani jeri na biyu da ake sayen gurbi a cikinsa, babu ranar Juma'ar da za a rufe, babu ma'aikacin da zai iya tsame sunan mutum ɗaya ya biya shi kafin sa'o'insa. PTAD da PenCom sun sha nanatawa cewa ba sa karɓar kuɗi a kan kowane aiki nasu.

Za ka ce ai ya san sunana. Sanin suna ba hujja ba ce. Ka tuna takardu nawa ka kwafa a shagunan fotokwafi lokacin tantancewa: takardar ɗaukar aiki, ta ritaya, mai lambar fansho, har da lambar waya a saman fam. Wadda ta fito ba kyau, a kwandon shara ake jefa ta. Wasu kuma a rukunin WhatsApp na 'yan fansho suke tsintar lambobi, inda dattawa ke tura hoton takardunsu suna neman shawara.

Kuma ba a kan 25,000 suke tsayawa ba. Ka tura, gobe ya ce fayil ya maƙale a ofishin akanta, sai an ƙara. Jibi ya ce kuɗin sun fito, amma ka karanto masa lambobin da banki ya turo maka yanzu don a tabbatar da asusunka. Lambobin nan su ne makullin asusun. Kana gama karantowa, ɗan abin da ya rage na wata ya tafi, mai waya ya kashe layi. Abin da ya fi ba ni takaici, yawancin waɗanda aka yi wa haka ba sa faɗa wa ko 'ya'yansu, kunya ta hana, sai ɓarawon ya koma kan na gaba hankali kwance. Wani ma da rigar ƙungiya yake zuwa, ya ce a haɗa kuɗin mota a je Abuja a bi sawu. Kuɗin ƙungiya na gaskiya sananne ne, akwai rasit. Wanda ya ce a tura asusun kansa, a bar shi da Allah, amma kada a ba shi.

Laifin ba na 'yan damfara kaɗai ba ne. Da hukumomi na biya a kan lokaci, suna kuma yi wa tsofaffi bayani da harshen da suke ji, da waɗannan mutane ba su sami kasuwa ba. A sanar da ƙari a rediyo, a yi shiru wata da watanni, dattijo na kallon farashin masara da na magani suna hawa, dole duk wanda ya ce masa ga hanya ya saurare shi.

Wani abin da zai iya tsayar maka da kuɗi shi ne rashin yin tantancewar tabbatar da kana raye, wadda PTAD ke kira I Am Alive. Ta intanet ake yi, da hoton fuska ko zanen yatsa, kuma kyauta ce. Ka sa ɗanka ko jikanka ya yi maka a gabanka. Sannan ka karɓo bayanan asusunka daga banki tun daga farkon 2024, ka duba ko adadin wata-wata ya canza. In bai canza ba, ka rubuta ƙorafi da lambar fanshonka, ka kai ofishin PTAD mafi kusa da kanka, ka tabbata an buga hatimin karɓa a kwafin da za ka riƙe. Lambar da ta kira ka da lambar asusun da ya ba ka kuma, ka rubuta su a takarda ka haɗa da ƙorafin, ka kai kwafi ga EFCC.