Yaya, ga bayanin zomon nan da ƙwai masu kala

Yaya ka ga hoton auta riƙe da kwandon ƙwai ja da kore ka ce wai ko mun fara bin Jamusawa coci ne, to gara ka ji daga bakina tun kafin maganar ta kai kunnen Hajiya.

Ista ce, su nan Ostern suke ce mata. Ba ta da tsayayyar rana, ita ma wata take bi, tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a 2024 ma cikin azumi ta same mu. Juma'a da Lahadi da Litinin duk shaguna a kulle, Asabar kaɗai ake buɗewa, ranar kuwa in ka shiga kanti sai ka rantse yunwa za a yi a ƙasar.

Juma'ar ita ce Karfreitag, ranar da suka yi imani an gicciye Annabi Isa (AS), mu kuma ka san abin da Alƙur'ani ya ce, kowa ya riƙe nasa. Garin Hambug yakan yi tsit, doka ma ta hana gidajen rawa na wasu awoyi, da yawansu kifi suke ci ba nama ba. Mu kuwa wallahi muna son ranar nan, don Juma'a ce da ba sai ka roƙi oga ya sake ka ba. Masallatan unguwar St. Georg cika suke maƙil, 'yan zangon Kumasi da na Akara da mutanen Nijar da Togo, wanda ka shekara ba ka gani ba sai ga shi kusa da kai a sahu da yaransa, a idar a tsaya a bakin titi ana ta gaisawa da Hausa har sanyi ya kore mu.

Maganar ƙwai kuma tatsuniya ce ake wa yara, wai zomo ne ke zuwa ya ɓoye su a lambu. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce, jikokinta suna nesa, ita ta dafa ƙwan da ɓawon albasa har suka yi ja jawur ta cusa su ƙarƙashin furanni, da safe ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce yara su fito nema. Ba addu'a ba komai. Ni dai ban ga dalilin da zan kunyata ta ba, kuma na zaunar da yaran na gaya musu wannan bikinsu ne, namu salla ce. Inda muke sa ido sosai shi ne alewa da cakulan, sai mun karanta bayan leda, don wasu da Gelatine ta alade a ciki, wasu ƙwan cakulan ɗin kuma giya ake ɗurawa a cikinsu.

Daren Asabar akwai Osterfeuer, ana tara itace tsibi guda a bakin kogin Elbe wajen Blankenese a banka wuta, alamar an kori hunturu. Sau ɗaya na kai su, wutar ta fi gida tsawo, amma da na ga kwalabe sun fara yawa muka juyo.

Tsohuwar nan kuwa duk ƙaramar salla sai maman auta ta kai mata cincin da dambun nama, bana tun azumi bai raba ba ta tare ni a matakala tana tambaya yaushe ne.