Amsar Anti kan gyambon ƙafar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na saurari saƙonki, kin ce Baba yana da ciwon suga, gyambo ya fito masa a tafin ƙafa sati uku ke nan, shi kuma ya ce ba ya masa zafi, yana ta zuwa kasuwa da masallaci abinsa.

To, rashin zafin nan shi ya fi tayar min da hankali. Suga in ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, sai mutum ya taka ƙusa ko yashin garin Garwa na Kamaru mai zafin nan na watan Afrilu, ko salansar mashin ta ƙone shi, bai sani ba. Jini ma ba ya sauka ƙafar sosai, shi ya sa ciwon ke ƙin haɗewa.

Don Allah Hajiya, a hana shi taka ƙafar nan. Ko wane irin magani aka sa, in yana ɗora nauyinsa a kai, naman da ya fara tohowa da dare murƙushe shi zai yi da rana. A samo masa sanda, a asibiti kuma ku tambayi takalmi ko filasta da ke ɗauke nauyi daga wurin. Salla ya yi ta a zaune. Alwala kuwa, ku tambayi malam hukuncin shafa a kan bandeji, addini ya sauƙaƙa. Na san dattijanmu, zaman gida yana musu wuya, sai an lallaɓa shi.

Gobe ku kai shi babban asibiti. Za su yanke mataccen nama da kantar da ta kewaye ciwon, kada ku tsorata in kun ga ramin ya ƙara faɗi, haka aikin yake. Wanki da ruwan gishirin asibiti ne, mai gishiri kashi 0.9 cikin ɗari ɗin nan, a rufe da bandeji mai tsabta. Ban da gasawa da ruwan zafi, ban da barbaɗa garin kafso, toka ko garin magani. In ramin ya yi zurfi za a ɗauki hoto a duba ƙashi, a kuma duba allurar tetanus ɗinsa.

Sugar safe kafin ya karya, ana so ta tsaya tsakanin 0.8 da 1.3 a ma'aunin g/L, wato 80 zuwa 130 in na'urar awonku mg/dL take nunawa. In likita ya ce insulin, ku karɓa.

Amma in kin ga kumburi, ja yana hawa sama, wari, mugunya, zazzaɓi, ko yatsa ya fara baƙi, kada ki jira gari ya waye, ku tafi a daren. Ɗayar ƙafar ma ki riƙa duba ta kullum, har tsakanin yatsu, ki shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso. Ki turo min hoton ciwon ta lambata yanzu in gani. Allah ya ba Baba lafiya.