"Zauna gida ki samu albashi": aiki ne ko jawo mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gusau. Wata ta sa a WhatsApp cewa wani kamfani na neman mata masu waya, aiki daga ɗaki, har naira dubu 80 a wata. Da na yi mata magana ta ce in zo taron horo ranar Asabar, in riƙo dubu 45 na rajista da kayan fara aiki. Na tambayi sunan kamfanin, ta ce sai na zo. Aikin gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Wannan ba ɗaukar aiki ba ne, jawo ki ake son yi cikin abin da ake kira kasuwancin netwok. Mai ɗaukar ma'aikaci shi ke biya, ba a biyansa. Kuma kamfanin da ke neman ma'aikata ba ya ɓoye sunansa. Ana ɓoyewa ne don kada ki bincika a intanet kafin ki shiga zauren taron, inda za a yi ta tafi, a nuna hotunan motoci da na tafiya Dubai, a ce gurbi ya kusa ƙarewa.

Dubu 45 ɗin nan kuɗin kaya ne: shayin rage tumbi, sabulu, man goge baki ko wani ƙarin abinci. Daga nan kin zama mai sayarwa, ba albashi, sai kamasho. Kamashon sayar da kayan kaɗan ne, domin farashinsu ya ninka na makamantansu a kasuwar Gusau, kuma bayan 'yan uwa sun saya sau ɗaya don kunya, ba mai dawowa. Kuɗin da ya fi tsoka yana zuwa ne idan kin kawo wasu sun biya nasu dubu 45, wani kaso ya hau zuwa gare ki, wani zuwa ga wadda ta kawo ki, har can sama. Yawancin irin waɗannan kamfanoni kuma suna wajabta miki sayen kaya na wani adadi kowane wata, in ba haka ba makinki ya zube, kamasho ya tsaya. A nan mata da yawa ke nutsewa: kwalaye sun cika ƙarƙashin gado, kuɗin adashi da ɗan kunnen gwal sun tafi.

Ki yi lissafin da ba za a yi miki a taron ba. A ce kowa ya kawo mutum biyar. Hawa na farko 5, na biyu 25, na uku 125. A hawa na goma kaɗai ana bukatar mutum miliyan 9 da dubu 700 da ɗoriya, fiye da mutanen jihar Zamfara gaba ɗaya. Shi ya sa ba daidai yake da adashi ba, inda kowa ke da ranar kwasarsa. A nan na ƙasa, waɗanda su ne mafi yawa, zubi kawai suke yi.

Kafin Asabar ki tura mata tambayoyin nan a rubuce. Idan ban kawo kowa ba, nawa zan samu a wata? Dole ne in sayi kaya kowane wata? In na fasa, za a karɓi kayan a mayar mini da kuɗi? Idan ta amsa da "ki dai zo ki gani", ko ta ce kada ki faɗa wa maigida don kada ya kashe miki gwiwa, kin samu amsa. Kada kuma ki ba kowa lambar BVN ko NIN ɗinki.

Za a nuna miki takardar CAC da lambar NAFDAC. Ta farko tana nufin an yi wa suna rajista, ta biyu ta shafi kayan ne kawai. Babu wadda ke tabbatar da tsarin biyan. Ko a Amurka, a 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 tare da sauya tsarinsa, bayan hukumar kare masu saye ta zarge shi da yaudarar masu shiga kan abin da za su samu. Ta fuskar addini, kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta irin wannan tsari saboda riba da garari.

Wanda babu kaya ma sam, sai "zuba ka kwashi ninki", kamar MMM da ta rushe a ƙarshen 2016 da CBEX a Afrilun 2025, dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar aƙalla naira miliyan 20 ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu shirya shi.

In kin riga kin tura wani abu, ki adana rasit da saƙonnin, ki nemi a mayar miki a rubuce. Idan an ƙi, ki kai ƙorafi ga FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, ko ofishin EFCC na Sakkwato, wanda ke kula da Zamfara da Kebbi.