Me ya sa kamfanin mota ke biyan diyya, na manhaja kuma ya zame?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi, kuma lissafina duka yana cikin wata manhaja da nake biyan kuɗinta duk shekara. Kwanan baya ta sabunta kanta cikin dare, gari ya waye babu sunayen masu bashi na wata uku. Na kai kuka, sai suka turo min yarjejeniyar da na amince da ita, wai ba ruwansu. Ƙanena kuwa da ke Amurka, kamfanin motarsa ne ya aiko masa da takarda ya kai a canza masa jakar iska (wadda ke kumbura ta kare direba in an yi haɗari) kyauta. Ashe ba duka kaya ba ne da aka saya da kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri.

Kamfanonin mota ma ba don kirki suke yi ba, kotu ce ta horar da su. A 1916 aka yanke wata shari'a a New York: Donald MacPherson ya sayi mota ƙirar Buick a hannun dila, yana cikin tafiya ƙafar motar ɗaya, wadda da katako aka yi ta, ta wargaje, ya ji rauni. Kamfanin ya ce shi bai yi ciniki da MacPherson ba, kuma ƙafar ma wani ne ya ƙera. Alƙali Benjamin Cardozo ya ƙi wannan hanzari: wanda ya san kayansa na iya hallaka mutum idan an yi sakaci, wajibinsa ne ya duba, ko ta hannun wa kayan suka bi. Daga baya dokoki suka ƙara tsauri, har ta kai jakunkunan iska na kamfanin Takata, masu fashewa su watsa wa direba ɓarɓashin ƙarfe, an janye kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanin kuma ya karye a 2017.

Mai manhaja yana da ƙofofi biyu na zamewa. Ta farko, a takarda ba sayar maka ya yi ba, izinin amfani ya ba ka. Ranar da ka danna "na amince" (wa ke karanta wannan dogon rubutu?) ka yarda ka karɓe ta yadda take, kuma galibi an rubuta cewa in ma za a biya ka, ba zai wuce kuɗin da ka biya ba.

Ta biyu ta fi zurfi, kuma ita ce ta kama ka. Shari'a ta bambanta raunin jiki ko ɓarnar dukiya da asarar kuɗi zalla. Ko mota ce, in birki ya ƙwace ka karye, ƙara ce mai ƙarfi. In kuwa inji ya buga a hanya ka rasa cinikin ranar kasuwa, abin da garanti ya faɗa kawai za ka samu. Yawancin ɓarnar manhaja irin ta biyun ce. Dubi 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5. Kamfanin jiragen Delta ya soke tashi kusan 7,000, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500, ya garzaya kotu. Abin da CrowdStrike ya fara ɗagowa shi ne iyakar diyyar da ke cikin yarjejeniyarsu. In giwa ta sha wannan, ina ga mai shago?

Inda manhaja ta taɓa rai kuwa, labari ya canza. A 2013 wata kotu a Oklahoma ta ɗora wa Toyota diyyar dala miliyan 3 kan wata Camry da ta zabura ta yi sanadin mutuwar mace ɗaya, bayan masana sun ba da shaida kan lahanin manhajar da ke sarrafa totur.

Masu rubuta manhaja kan ce babu wadda ba ta da kuskure, kuma tsananta doka zai kashe ƙananan kamfanoni. Na yarda da rabi. Amma wanda ke iya shiga kwamfutarka da tsakar dare ya sauya abu ba ka sani ba, bai kamata a ce hannunsa a wanke yake ba. Tarayyar Turai ta fara ganin haka: sabuwar dokarta ta 2024, da za ta fara aiki a Disambar 2026, ta sa manhaja cikin jerin kaya. Sai dai ko ita, ɓacewar bayanan kasuwanci irin naka ba ya cikin abin da take biya.

Kai yanzu, rubuta musu ka nemi su dawo da bayanan daga kwafin da suke ajiyewa, tun kafin ya goge. Sannan ka duba ko sun yi alkawarin adana maka kwafi a yarjejeniya ko a talla, domin nan ne hujjarka take. In sun yi kuma suka saɓa, ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tare da rasit da hotunan saƙonninku.