Kada Ki Bari A Goga Ta, Balle A Narka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ji ƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana yana faɗuwa. 'Yar sandar gwal mai rubutun 'yan Sin da kuka tsinta a kayan mahaifinku, masu gwal kuma suka ce su giram kawai suka sani, ai labarin gidanmu ne a nan Abuja. Kin ce ko tana da wata daraja da ta wuce kuɗin narkawa? Tana iya yi ƙwarai. Amma kafin komai, ki karɓe ta daga hannun kowa ki kulle.

Alhajinmu ɗan kasuwa ne, tun muna ƙanana yake zuwa Hong Kong sarin agogo da yadi. Da ya rasu aka buɗe akwatinsa na ƙarfe, sai ga ta a naɗe cikin tsohon hankici, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Akwai hoton kan wani mutum a jiki, da lambobi, da rubutun da duk gidan babu mai iya karantawa. Ko sadakar arba'in ba a yi ba baffanmu ya tayar da magana, wai a sayar a raba kowa ya kama gabansa. Na ce Baffa don Allah a ɗan dakata a bincika. Ya dube ni a gaban ƙannena ya ce ke gwal ɗin da kika sani ai bai wuce ɗan kunne ba. Na haɗiye, don babba ne.

Na dai nace sai da aka tafi da ni shagon mai gwal. Mutumin ya juya ta sau biyu, ko kallon rubutun bai yi ba. Ya goga a baƙin dutsen nan nasu, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce mai kyau ce. Na ɗauka an gama. Sai ya ce ai irin waɗannan tsofaffin ana cusa musu wani ƙarfe a ciki, shi ba zai biya ba sai ya ga cikinta. Baffa ko waiwayo ni bai yi ba ya ce bismillah. A kan idona aka datse ta gida biyu, daidai ta kan fuskar mutumin da ke jikinta. Har yau ina jin ƙarar. Cikin tas yake, rawaya har tsakiya. Aka ɗora a sikeli, giram 31 da 'yan kai, ya danna kalkuleta, ya cire wani abu wai ladan tacewa, Baffa ya ƙirga kuɗi yana murmushi har da yi masa godiya. A mota yana ta ba da labarin yadda ya iya ciniki. Ni kuwa hankicin Alhaji ne a hannuna, babu komai a ciki.

Abin da Allah ya taimake ni, daren da ya gabata na ɗauki hotonta gaba da baya a waya. Bayan kusan shekara ɗan yayata da ke karatu a ƙasar Sin ya nuna wa wani malaminsa. Ashe hoton Sun Yat-sen ne, jagoran da ya kafa jamhuriyarsu, sandar kuma ta babbar ma'aikatar buga kuɗi ta gwamnatinsu ce, irin waɗanda aka yi a shekarun 1940, kafin 'yan gurguzu su karɓi mulki a 1949. Awonta liyang ɗaya ne, wato giram 31.25, su can har laƙabi suke mata da ƙaramin kifi rawaya. Masu tara kayan tarihi suna neman irinta, a gwanjon Hong Kong ana sayenta sama da kuɗin giram ɗinta, muddin hatimi da lambar suna nan lafiya. Ranar da na ji haka ban ci abincin dare ba. Na gaya wa Baffa, ya ce rabon mai shago ne. Shi ke nan fa abin da ya ce!

To amma kada ki ɗora buri da yawa, don ba kowace tsohuwar sanda ce haka ba. Nauyin ma yana iya ba ki haske kan inda ta fito. Ta Hong Kong awon tahil ake mata, giram 37.429, an fi yin mai tahil biyar, kusan giram 187, tsarkinta kashi 99. Ta Tailan awon bat ake mata, giram 15.244, kuma kashi 96.5 ne gwal ɗinta, don haka kada wani ya ce miki jabu ce don ba ta cika karat 24 ba. Ta Biyetnam ta dā falle-falle ce kamar ganye, awonsu giram 37.5. In kuwa mai tola goma ce, giram 116.64, irin wadda ake samu a Dubai da Indiya, yawancinsu kuɗin giram ne kawai, don an buga su birjik. Abin da ke ɗaga farashi shi ne wanda ya buga ta, zamaninta, ƙarancinta, da lafiyar jikinta.

Shi ya sa nake roƙonki kada ki wanke ta, kada ki sa mata man goge haƙori ko toka wai ta yi ƙyalli. Dattin nan da dishi-dishin tsufa su ne shaidarta. In gwaji ake so, akwai na'urar XRF, haske kawai take harbawa ta faɗi tsarkin saman ba tare da ta ci komai ba, wasu manyan masu gwal suna da ita. Tsoron da mai shagon ya faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, ana cusa ƙarfen tungsten don nauyinsa kusan ɗaya da na gwal, amma akwai gwajin sauti da na'ura da ke gano shi ba sai an yanka ba.

Ki duba akwatin da kyau. Rasit, ambulan, 'yar takarda mai jan hatimi, ko tsohon fasfon Baba mai bizar tafiyar, duk ki haɗa wuri guda. Namu takardun matar Baffa ce ta share ta ƙone da shara, wannan ma wani labarin ne. Sai ki ɗauki hoto da rana, kusa-kusa, da rula a gefe, ki aika wa manyan gidajen gwanjo irin Spink ko Stack's Bowers ta shafinsu, suna duba hoto su faɗi ra'ayinsu. Masu shigo miki ta Facebook suna cewa suna da mai saye a waje, a turo kuɗin rajista, ki toshe su kawai.

Kuma ki tuna ba taki ce ke kaɗai ba, ta magada ce duka. Ki tara su a gaban malamin da zai raba gadon, a rubuta an yarda a jira bincike, kowa ya sa hannu, don kada gobe a ce kin ɓoye. Ki tambaye shi batun zakka ma in ta kai nisabi, wajen giram 85. Ni da na samu namiji ɗaya a gidanmu ya tsaya min ranar nan da ba a datse ta ba, amma duk suka sunkuyar da kai.

Ki turo min hoton ta akwatin sirri in tura wa yaron nan ya karanta mana rubutun. Nawa hoton yana nan a wayata, sau uku ina canza waya ban goge shi ba.