Yadda ake leƙa cikin naman da aka raina a ɗakin gwaji ba tare da an yanka shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina bincike a kan wani ƙwarangwal na roba mai huji-huji kamar soso, wanda muka shuka ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi a kansa. Duk lokacin da muke son sanin halin da suke ciki sai mun yanka samfuri ɗaya, ga shi samfuran sun kusa ƙarewa. Akwai na'urar da za ta nuna mana ciki ba tare da yanka ba? Wacce ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Akwai su da yawa, amma babu guda ɗaya da za ta ba ki duk abin da kike nema. Na'urar da ke hango nesa cikin nama ba ta rarrabe ƙananan abubuwa, wadda kuma ke nuna ƙwaya ɗaya tar ba ta wuce sama-sama. Saboda haka kafin ki zaɓi na'ura, ki tsayar da abin da kike son gani.

Ni abin da zan fara damuwa da shi a samfurinki shi ne tsakiyarsa. Iskar oksijin ba ta ratsa nama mai ƙwayoyi fiye da maikuromita 100 zuwa 200 daga inda take fitowa, wato kaurin gashin kai biyu ko uku (maikuromita 1000 ne milimita ɗaya). Ƙwarangwal mai kaurin milimita 5 wanda ba shi da jijiyoyin jini yakan yi kyau a baki-baki alhali ƙwayoyin tsakiya sun mutu. Masu bincike da yawa sun yi murna da hoton saman samfuri, sai da aka tsaga aka tarar ciki fayau. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga an yanke hukunci a kan dukan samfuri da hoton fatarsa kaɗai.

Tunda ƙashi kike rainawa, abokiyar aikinki ta farko ita ce maikuro-CT. Ƙanwa ce ga na'urar CT ta asibiti wadda Godfrey Hounsfield ya fara ɗaukar hoton majiyyaci da ita a Ingila a 1971, sai dai ita tana iya rarrabe abin da bai wuce 'yan maikuromita ba. Tana juya samfurin tana haska shi da hasken eksire ta kowane ɓangare, kwamfuta ta haɗa hoto mai tsawo da faɗi da zurfi. Da shi za ki auna girman hujojin, ki ga ko suna haɗe da juna, domin hujin da ya toshe ƙwaya ba ta shigarsa, abinci ma ba ya isa. Za ki kuma ga inda kalsiyam ya fara taruwa, tunda yana tare hasken sosai. Rauninta shi ne roba da ƙwayoyi da ruwan da ake raino a ciki duk kusan launi ɗaya suke fitowa. Ana gyara wannan da rini mai ayodin, amma rinin yakan kashe samfurin. Sannan hasken eksire idan ya yi yawa yana lahanta ƙwayoyi, don haka in za ki maimaita ɗauka a kan samfuri mai rai, ki rage ƙarfinsa, ki ajiye wasu samfuran da ba a haska ba don kwatance.

Idan tambayarki ita ce ƙwayoyin suna raye ko sun mutu, sai madubin konfokal, wato madubin ƙara girman abu mai haska samfuri da hasken lesa. Ana sa rini biyu, masu rai su yi kore, matattu su yi ja. Hoton yana da kyau ƙwarai, amma zurfinsa da ƙyar yake wuce maikuromita 200. Madubin foton biyu, wanda Denk da Strickler da Webb suka fito da shi a jami'ar Cornell a 1990, yana kai rabin milimita ko fiye, kuma da irin lesarsa zaren kolajin yakan haska da kansa ba tare da rini ba. Wannan babbar riba ce gare ki, domin kolajin, wato furotin mai kamar zare, shi ne ƙwayoyin ƙashi ke fara shimfiɗawa kafin kalsiyam ya hau.

OCT, na'urar da ke haɗa hoto daga hasken da ya dawo daga cikin nama, wadda rukunin James Fujimoto na jami'ar MIT ta Amurka ya bayyana a 1991 kuma likitocin ido ke aiki da ita kullum, tana shiga milimita 1 zuwa 2 cikin sauri, ba rini, ba eksire.

MRI, na'urar asibiti mai ɗaukar hoto da maganaɗisu, tana ratsa kowane kauri kuma ruwa take bi, don haka ta fi dacewa da guringuntsi da abubuwa masu laushi, ko bayan an dasa samfurin a jikin dabba. Ba za ta nuna miki ƙwaya ɗaya ba. Na'urar sauti irin ta awon ciki kuwa tana iya auna taurin nama, kuma tana da sauƙin samu.

Ga yadda zan tsara in da nawa ne. Ki ɗauki maikuro-CT na ƙwarangwal tun yana fanko, kafin shuka, domin ki sami ma'auni. Ki ware samfura kaɗan ki riƙa bin su ɗin dai a mako na 1, na 2 da na 4, a na'ura ɗaya da saiti ɗaya, musamman iyakar hasken hoto da kike gaya wa kwamfuta ta ɗauka a matsayin ƙashi, domin ɗan sauya ta kawai yana iya ƙara ko rage adadin da za ki rubuta. Yankan ma kada ki daina shi. Yanka mai kaurin maikuromita 5 da aka rina shi ne har yanzu ke tabbatar da cewa farin da kika gani a hoto sabon ƙashi ne, ba gishirin da ya daskare daga ruwan raino ba. Ki bar shi zuwa ranar ƙarshe, ki tsaga ta tsakiya, daidai wurin da kika riga kika ɗauki hotonsa.