Yaron ya daina kuka, amma hankalina bai kwanta ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Dokta. Ni ce shugabar wani gidan renon yara. Watanni biyu da suka wuce na tura masu reno huɗu bita ta kwana uku, kowacce ta dawo da takardar shaida. A daidai lokacin aka kawo mana wani yaro ɗan shekara biyu da wata uku, wanda da zarar uwarsa ta juya baya sai ya yi ta kuka kamar ransa zai fita. Masu renon suka ce an koya musu kada a ɗauke shi, kada a kula shi, in ya ga ba riba zai daina. Ya kuwa daina bayan kamar kwana goma. Yanzu yana wuni a lungu ɗaya, ba kuka ba wasa, ko an fizge abu a hannunsa ba ya motsi. Su murna suke yi wai ya saba, ni kuwa duk na kalle shi sai gabana ya faɗi. Na yi kuskure ne? Wane irin horo zan nema musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Gabanki bai faɗi a banza ba, kuma na ji daɗi da kika rubuto tun abin bai yi nisa ba.

Kin san aikin, ba sai na tsaya bayanin shaƙuwar yaro da mai kula da shi ba. Kan maganar "ya saba" zan tsaya, domin babu abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan fanni kamarta. Da wuya in shiga gidan reno ba a nuna mini irin wannan yaron da alfahari ba: "Ga shi nan, ba ruwansa, ba ya ba kowa wahala." Mai cizo da mai ture yara kowa ya san sunansa, ana kiran iyayensa, ana taro a kansa. Shi kuwa na lungu sai ya shekara ba wanda ya tambayi me ke damunsa.

Wannan kuskuren ya tsufa. A wajajen 1950 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a a Ingila, James Robertson, da ke aiki tare da John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa mai nazarin shaƙuwar yaro da uwarsa, ya dinga zama a ɗakunan kwantar da yara na asibitoci yana lura da su. A zamanin ba a barin uwa ta kwana da ɗanta, ziyara ma sai jefi-jefi. Abin da ya gani yana zuwa ne hawa-hawa. Da farko yaro ya yi bore: kuka, jijjiga gado, ido na kan ƙofa. Daga nan sai ya yanke ƙauna, kukan ya ragu, ya yi lamo, ya daina neman kowa. In abin ya daɗe sai ya shiga halin ko-in-kula, ya karɓi hannun kowa, amma ranar da uwarsa ta zo ya kau da kai. Shirun nan na tsakiya shi ne ma'aikatan jinya ke kira sabo, suna jin daɗinsa. A 1952 Robertson ya ɗauki fim na wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti, ya nuna wa likitoci, da yawansu suka fusata. Sai a 1959 rahoton kwamitin Platt, wanda aka kafa a Birtaniya don duba halin yara a asibitoci, ya ba da shawarar a sakar wa iyaye ƙofar ziyara. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, amma har yau akwai mai tsayawa gaban allo yana koya wa masu reno abin da aka riga aka gane illarsa.

Kada in tsorata ki fiye da kima. Yaronki yana komawa hannun uwarsa kowace yamma, halinsa bai kai na yaran asibitin nan ba. Sai dai hanyar ɗaya ce. Ki tuna gwajin da Edward Tronick, wani masanin halayyar yara a Amurka, ya yi a shekarun 1970, inda uwa ke daskarar da fuska na minti biyu kacal a gaban jaririnta. Jaririn ya yi mata murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, duk dabarar da ya sani ya gwada, sannan ya juya fuska ya lanƙwashe. Minti biyu ke nan. Naki kwana goma ya yi yana kira. Darasin da ya ɗauka shi ne a wannan ɗakin kira ba ya kawo kowa, kuma shi ya sa ko an ƙwace masa abu ba ya ɗaga kai ya nemi babba.

To ina masu bitar suka samo maganar? Rabin gaskiya suka tsinta. Akwai dabarar ƙyale yaro da gangan, ana koyar da ita a shirye-shiryen tarbiyya na ƙwarai, amma don ƙananan rigingimu ne, kamar ƙunƙuni ko birgima saboda an hana shi abu, a wurin yaron da hankalinsa ke kwance da mai renonsa, kuma da sharaɗin da zarar ya natsu a juyo gare shi da yabo. Kukan rabuwa kukan tsoro ne. Ɗan shekara biyu bai da ƙarfin kwantar da kansa shi kaɗai, a jikin babba yake aron natsuwa, da haka da haka har tasa ta ginu. Duk mai horarwar da bai iya bambance kukan tsoro da kukan rigima ba, bai cancanci a ba shi mutum ɗaya ya koyar ba, balle zaure guda. Abin baƙin ciki, irinsu ne suka cika kasuwa: su haɗa 'yan hotuna daga intanet, su karɓi kuɗi, su raba takardu, ba su taɓa durƙusawa gaban yaro mai kuka ba. Masu duba gidajen reno kuma su zo su ƙirga takardun da ke manne a bango, su auna faɗin ɗaki, su sa hannu su tafi. Ban cika ganin wanda ya zauna a ƙasa ko na minti goma ya ga wa ke amsa wa yaro in ya kira ba. 'Ya'yan mutane amana ce, kuma wanda ba ya iya magana hakkinsa ya fi nauyi.

Ma'aikatanki ba su da laifi, abin da aka koya musu suka yi. Kada ki tsawata musu a kai.

Game da horo, bitar kwana uku tana iya buɗe ido, amma ba ta canja hannu. Abin da ke canja shi shi ne a nuna, a gwada da yaro na gaske, wani ya kalla ya gyara, a sake. Aikin da aka fara a Kingston ta Jamaika a 1986 zuwa 1987 ya nuna haka: ma'aikatan lafiya na unguwa ne, ba masu manyan digiri ba, suka dinga ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure, awa ɗaya kowane mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye wasa da hira da yaro, ana kuma bibiyar aikinsu. Bayan shekara ashirin aka tarar yaran suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Kundin horo kan kula da ci gaban yaro da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2012 shi ma yana sa mai koyo ya yi gwaji da uwa da ɗanta a gaban malami.

Saboda haka kafin ki biya kowa, ki tambaye shi ko zai shigo ɗakinku ya zauna, kuma sau nawa zai dawo bayan an gama. Ki ba shi labarin yaron nan ki ji me zai ce. In ya ce ya saba, ki sallame shi. Ke ma da kanki za ki iya fara wani abu: da izinin iyaye, ki ɗauki bidiyon minti biyar na mai reno da yaro, ku kalla ku biyu, ki fara nuna mata inda ta dace kafin inda ta kuskure. Ki ware musu lokaci duk mako su faɗi yaron da ke ƙure musu haƙuri ba tare da tsoron hukunci ba, domin wadda ta gaji tilis ba ta da natsuwar da za ta ara wa yaro. Ki duba yawansu kuma. A Ingila doka ta ce babba ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma kowane yaro sai an ba shi mai reno guda da aka san tasa ce. Mace ɗaya da yara goma sha biyar, ko wane horo ta sha, dole ta ƙyale wasu.

Shi kuma yaron, gobe ki zauna da uwarsa ki ji yadda yake a gida. Idan can ma ya yi sanyi, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko cin abincinsa ya ragu, a kai shi wurin likitan yara, a duba har da jinsa, kada a jira. Idan a gida garau yake, to gyaran yana ɗakinku. Ki ba shi mai reno ɗaya da za ta tarbe shi a ƙofa kullum. Uwar ta daina sulalewa, ta yi masa sallama ta gaya masa yaushe za ta dawo, ta bar masa wani abu nata da ya sani. Mai renon ta zauna kusa da lungun nasa, ba ja ba tilas, tana ɗan wasa tana cewa, "Kana kewar Mama ko? Ina nan." Wataƙila a yi mako biyu ko uku kafin ya ɗago. Ki gaya mata tun yanzu cewa akwai yiwuwar kukan ya dawo, har ya fi na da, kuma a jikinta zai yi shi. Ranar ta ɗauke shi ta riƙe har ya gama.